Godiya bayan kammala gyaran shafukan jagora

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, daren jiya aka karɓi gyara na ƙarshe, kuma da safiyar nan na buɗe shafukan jagorarmu na Hausa, wato fassarar bayanan yadda ake amfani da umarnan tsarin kwamfuta na Unix, da umarnin man mai nuna su a allo, na tarar kowane zaɓi na umarni yana gefen hagu, bayaninsa yana daura da shi a sahu ɗaya tun daga sama har ƙasa. Waɗanda suka bi mu cikin makonni bakwai ɗin nan sun san abin da aka sha, saboda haka ba zan maimaita ba. Kuskuren nawa ne: ƙaramar manhajar da na rubuta don shirya shafukan tana auna faɗin kalma da yawan bayit, wato ma'aunin wurin da bayani ke ci a ma'ajiyar kwamfuta, alhali a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, kowanne daga cikin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ bayit biyu ne, amma gurbi ɗaya yake ci a allo. Duk layin da ƙ ta shiga sai bayaninsa ya ja baya da gurbi ɗaya, mai biyu ya ja da biyu, har teburin ya karkace. Sai da na koma aunawa da wcwidth, mai ƙirga gurbin da harafi ke ci a allo, sahun ya miƙe.

Amma abin da ba zan manta ba daren Asabar ɗin da ta wuce ne. Wajen ƙarfe ɗaya, ina sake duba aikin, na lura layuka sun ɓace ɗungurungum daga shafuka uku, babu saƙon kuskure, jimla ta yanke a tsakiya ta haɗe da wata. Gabana ya faɗi, domin na ɗauka gyaran da nake yi ne ya cinye fassarar da mutane suka yi wata da watanni suna yi kyauta. Batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa, wuta kuwa tun magariba aka ɗauke. A haka na kira malamina da ya koya mini Unix, ina jin nauyin tashinsa a wannan lokaci. Bai nuna gajiya ba, tambaya ɗaya kawai ya yi: "Ɗana, da me layin da ya ɓace ya fara?" Na duba, ashe da kalmar 'yan ya fara. Ya bayyana mini cewa a harshen roff, wanda ake rubuta waɗannan shafuka da shi tun zamanin Unix na farko a 1971, layin da ya fara da ɗigo ko da wannan alama ta saman 'y umarni ake ɗaukarsa, kuma idan ba a san umarnin ba sai a tsallake shi. Ya ce in sa \& kafin kalmar. Layukan suka dawo ina kallo, kuma wallahi sai da na yi hawaye. Malam, ka hana ni ambatonka, ga shi ban faɗi sunanka ba, amma Allah ya san ka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci zuriyarka, ya jiƙan mahaifanka.

Ina godiya ga ƙanwata da ke karatu a Zariya, wadda ta bi gargaɗin mandoc -T lint, umarnin da ke duba kurakuran shafukan, ɗaya bayan ɗaya tana share sararin da ya maƙale a ƙarshen layuka, aikin da ido ba ya gani kuma babu mai yabawa. Haka ma Baba mai shagon caji na bakin layinmu, da ya riƙa barin janaretansa a kunne bayan lokacin tashinsa, kuma ya ƙi karɓar ko kwabo. Ɗan'uwanmu na Damagaram ya gwada shafukan da groff, wata manhajar tsara rubutun roff, a tsohuwar kwamfutarsa, shi ya gano inda aka cakuɗa tazarar maɓallin tab da sarari. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira.

Akwai 'yan'uwa na jini da suka yi alkawarin karanta ko da shafi ɗaya, har yau wayarsu ba ta shigo ba. Na yi musu uzuri, ko da yake na so a ce suna kusa a wancan daren.

Masu fassara, don Allah kafin ku turo sabon shafi ku duba farkon kowane layi saboda 'ya'ya da 'yan. Ni zan huta kwana uku, sannan mu ɗora daga shafin umarnin ls, mai jera sunayen fayiloli, in Allah ya yarda.