Yadda na haɗa lasifika biyar da wufa da amfilifayar falo

Na'urar da ke tsakiyar wannan aiki wasu na ce mata risiba, amma don kada a rikita ta da risibar dish, amfilifaya zan riƙa kiran ta. Tsarin 5.1 na haɗa a falo mai mita 4 a 5: lasifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefen wurin zama, sai wufa, wato lasifikar da ke fitar da sautin ƙasa mai kauri.

Kafin na taɓa ko waya ɗaya sai da na juya bayan amfilifayar na karanta lambar wutarta. Ta hannu ce, kuma irin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka 120V suke ci, alhali tamu 230V ce. Ka soka ta kai tsaye, ka ji ƙauri, shi ke nan. Tawa 120V ce, don haka na nemi taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a jikin na'urar da tazara mai kyau. A bayan amfilifayar kuma za ka ga lasifika mai om nawa take ɗauka (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta). Yawancinsu 6 zuwa 8 ne. Lasifika mai om 4 tana jan wuta da yawa, tana sa na'urar zafi idan ba a saita ta don haka ba.

Waya ita ce inda aka fi cutar mutum. Na gaba mita 3 kowacce, ta tsakiya mita 2, na gefe kuwa da na bi gindin bango sai da kowacce ta ci mita 12. Da rara, na sayi mita 35 na mai kauri 1.5mm. Wannan kaurin ya isa har wajen mita 15 ga lasifika mai om 8. In ya wuce haka a koma 2.5mm. Amma lissafin na tagulla zalla ne. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata tagulla a sama, ta fi arha, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaskiya, kuma silinta na karyewa a bakin maɗauri. Kankare sili ɗaya da wuƙa tun a shago: in ka ga fari a ciki, ajiye musu abinsu.

Na cire fulogi daga bango, na yanka wayoyin, na manna wa kowacce salatif a kai biyu da sunan lasifikarta. Fatar waya santimita ɗaya kawai ake ferewa, a murɗe silin su haɗe, a kwance jan maɗauri, a zura ta ramin da ke jikin sandar, a ɗaure. A lasifikar gefe ta hagu na fere fiye da kima, sili guda mai sirantar gashi ya leƙo ya taɓa baƙin maɗauri. Da ƙaramin sauti komai lafiya lau. Ina ƙara murya sai na ji "ƙat", na'urar ta kashe kanta, jar fitila na ƙiftawa. Ba lalacewa ta yi ba, kariyarta ce ta tashi saboda shot. Na gano mai laifin ta hanyar cire wayoyin duka ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na sa wa wayoyin kan banana, wato ɗan fulogin da ake sokawa kai tsaye a maɗauri, don bayan amfilifaya matsattse ne, yatsa ba ya juyawa sosai.

Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. Kowa ya san wannan, kuma nan ake yin kuskuren da ba ya nuna kansa. In ka juya waya a lasifika ɗaya babu abin da zai ƙone, sauti zai fito, sai dai ɗaya na turawa ɗaya na ja, sautin ƙasa ya soke juna, kiɗa ya zama holoƙo, muryar mai magana ta rasa mazauni. Wayar da fatarta iri ɗaya ce, ka shafa da yatsa: gefe ɗaya yana da layi, tudu ko rubutu, shi za ka riƙe a matsayin ja ko'ina. In kana shakka, ɗauki batir ɗin rimot mai 1.5V, ka ɗan taɓa kan wayar da shi. Idan wayar ja tana kan mai alamar tarawa, bakin lasifikar zai motso waje.

Wani tarko: amfilifaya mai 7.1 tana da maɗauran Surround da na Surround Back. Mai lasifika biyar, a Surround zai soka na gefe, ko da ya ajiye su a baya. Ni a gefen kujera na kafa su, ɗan baya kaɗan, sama da kunnen mai zaune. Ta tsakiya dab da ƙasan talabijin, tunda kusan duk maganar fim daga ita take fitowa.

Wufa tana da nata fulogi da nata amfilifaya a ciki, saboda haka ba wayar lasifika take so ba. Wayar RCA guda daga ramin Sub Out na amfilifaya zuwa ramin LFE na wufa ta wadatar. A cikin saiti na sa duk lasifikan a Small, mahaɗar sauti a 80Hz, wato abin da ya yi ƙasa da haka wufa ce za ta ɗauka.

Risibar dish da na'urar gem duk na kai su amfilifaya da HDMI, sannan waya ɗaya ta fita zuwa talabijin, a ramin da aka rubuta ARC, wanda ke dawo da sautin talabijin zuwa amfilifaya. Nan na ɓata lokaci: YouTube na talabijin ba ya fitowa ta lasifika, ashe sai an kunna CEC, saitin da ke sa na'urori su fahimci juna ta HDMI, a talabijin da amfilifaya duka, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Samsung na cewa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Tsohon talabijin da ba shi da ARC, wayar oftika za ta kai 5.1 na Dolby Digital.

Makirufon awo da ke zuwa a kwali ba ado ba ne. Na ɗora shi daidai tsayin kunne a wurin zama, na kashe fanka, na jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, na bar na'urar ta auna nisa da ƙarfin kowace lasifika. Bayan ta gama na sake dubawa, don ta mayar da lasifikan gaba Large, na dawo da su Small.

Saura wani gunji "hmmm" a wufa ko ba a kunna komai. Na raba wayar RCA da ta wuta, inda dole su haɗu na gicciye su, ya ragu amma bai tafi ba. Ina zare wayar dish daga risibarta sai tsit. Bambancin wayar ƙasa (earth) ne tsakanin dish da soket. Na tara na'urorin duka a estenshin ɗaya, na sa ƙaramin ayisoleta, wato na'urar tare irin wannan gunji, a wayar RCA ta wufa, na kuma bar tazarar tafin hannu a saman amfilifayar don iska ta ratsa.