Na ji ƙanwar algaita a Holan

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina fata kowa lafiya, ya damina? Mu nan Utrecht sanyi ya fara leƙo kai tun Satumba bai yi nisa ba.

Wani abu ne ya hana ni sukuni sai na ba ku labari. A garin nan duk ƙarshen Agusta suna bikin tsofaffin kiɗe-kiɗe na kwana 10, tun 1982 ake yi, ni dai shekara biyu ina wuce fastocin a kan keke ban kula ba, sai bana maƙwabcina wani dattijo ya ba ni tikitin matarsa don ba ta jin daɗi. Kiɗan zamanin da suke ce wa Renesans ne, wajen 1400 zuwa 1600, kuma da irin kayan kiɗan wancan lokacin ake yi. Ba lasifika ba makirfo, cikin tsohon coci mai sanyi kamar randa.

Farko wata mata ta fito da lut, abin kamar molo amma cikinsa rabin ƙwarya, tsirkiyoyi birjik na hanjin tumaki. Sunan ma daga al'ud na Larabawa ya fito. Wallahi gyaran tsirkiya kaɗai ya kusa cinye mana minti biyar, danshi kaɗan hanjin ya saki, dattijon ya raɗa min cewa ai rabin rayuwar mai lut a gyara take ƙarewa. Ta yi kiɗan John Dowland, Baturen Ingila da ya yi wa sarkin Denmak kiɗa daga 1598, ya rasu 1626. Sautin ƙasa-ƙasa ne sosai, ko tari ka yi ka ɓata wa mutum 200 dare, ni kuwa ga mura, na sha wuya.

To sai masu busa suka shigo, nan fa na miƙe zaune. Kai jama'a! Abin da suke kira shom ai algaita ce ta sa kwat, baki mai kara biyu, ƙasa buɗe kamar mazurari, amon nan mai tsaga kunne, nan take na ga kaina a ƙofar fada ranar hawan sallah. Dangi ne kuwa, su da zurna ta Turkawa. A da garuruwan Turai albashi suke biyan masu busa ta, su hau hasumiya su busa wa gari.

Amma su tasu ta mutu, wata sabuwar abar busa da ake kira obo ta ture ta, sai daga baya aka tono. Bayan an tashi na tsaya hira da mai busar, ya ce maƙeransu daga gidan tarihi da tsofaffin zane suke auno tsayi da ramuka, musamman zanen da wani masanin kiɗa Bajamushe, Michael Praetorius, ya buga a 1620. Har jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ciro shi a 1982, an samu kayan busa a cikinsa. Yadda ake riƙe baki da numfashi kuwa babu kakan da ya nuna masa, lalube ya yi.

Da na ce masa namu suna kumbura kumatu su yi ta busa ba tsayawa, a gidan ubansu suka koya, sai ya riƙe min hannu wai in samo masa bidiyo. Don Allah duk wanda ke kusa da fada ya ɗauko min, amma a matso kusa da bakin mai busar, kar a ɗauki dawaki.

Naku a Utrecht.