Abin da unguwar Fuggerei ta koya mini

Lokacin da nake karatun tsarin birane a Jamus, malaminmu ya ba ni aikin rubutu a kan Fuggerei, wata 'yar unguwa da katanga ta kewaye a cikin birnin Augsburg na jihar Bavariya. Na tafi da abin awo da littafin zane, domin a zatona duk sirrin wurin yana jikin gininsa ne.

Attajirin nan Jakob Fugger ne ya fara gina ta a 1516, ya kuma mayar da ita wakafi a 1521 saboda masu sana'ar hannu da leburorin da talauci ya kama ba tare da sakacinsu ba. Yanzu gidaje 67 ne, da mazauna kusan 150, kuma kuɗin hayar shekara bai wuce senti 88 na kuɗin Yuro ba, ban da kuɗin ruwa da ɗumama ɗaki. Sharaɗin dai sai mutum ya kasance mabuƙaci, ɗan Katolika, mazaunin Augsburg, sannan ya riƙa yi wa mai wakafin da iyalansa addu'a uku kullum. Wannan sharaɗin ne kaɗai bai ba ni mamaki ba, don na san yadda masu sadaka mai gudana suke kwaɗayin addu'a.

Da na miƙa rubutuna cike da tsawon lunguna da faɗin tagogi, sai malamin ya dawo mini da shi da tambaya guda: idan rufi ya yi yoyo, wa yake biya? Kunya ta kama ni, domin ko kusa ban yi tunanin hakan ba. Ashe wakafin yana da dazuzzukan da ake sayar da katakonsu, ga kuma kuɗin shiga da 'yan yawon buɗe ido suke biya, kuma har yau zuriyar Fugger ce take kula da amanar. Shi ya sa da bama-bamai suka rushe babban ɓangarenta a Fabrairun 1944, aka samu masu sake tayar da ita.

Da na koma karo na biyu, sai na bar abin awon a masauki, na tsaya har dab da ƙarfe goma na dare, lokacin da ake rufe ƙofofin unguwar. A nan na lura cewa mariƙin ƙararrawar kowane gida yana da siffarsa dabam, wai don mai dawowa cikin duhu ya gane ƙofarsa da lalube tun kafin zuwan fitilun titi. A zuwana na farko na auna waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, amma hannuna bai taɓa mariƙi ko guda ba.