Kalmar "tinned" ta ci min kuɗin aikin wata guda

Har yanzu in na tuna abin nan raina sai ya ɓaci wallahi. Maigidana ne ya samo mana aikin haɗa wayar batir da fitilu a jirgin wasu masunta a Tema, garin bakin teku a Gana, ya turo min jerin kayan da zan sayo a WhatsApp, a ciki akwai "tinned copper wire". To ni tun ina yaro a unguwar Nima ta Accra abin da na sani da kalmar nan kayan gwangwani ne kawai, tumatir, madarar Ideal, kifin Geisha, shi ne na ɗauka wayar ce ake sayarwa a cikin gwangwani. Na je Opera Square, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, mai shago ya ce shi a naɗe yake sayar da tasa, na ce ai duk ɗaya ne, ya auno min wayar jan ƙarfe zalla na kama motar trotro.

Ashe kalmar ma'ana biyu gare ta. Akwai ta abinci, wadda turawan Ingila ke faɗa mu ma a Gana muka gada, 'yan Amurka kuwa "canned" suke cewa. Sai ta masu aikin ƙarfe, wato abin da aka shafe shi da kuza, irin wadda ake haƙowa a Jos. Shi kansa gwangwanin ma ai ƙarfe ne da aka yi wa shafen kuza siriri don kar ya yi tsatsa, daga nan sunan ya fito. Ita wayar da ake nufi, ta jan ƙarfe ce mai shafen kuza, in ka feƙe robarta fara ce fat kamar azurfa, tana kama dalma da wuri, kuma gishirin teku baya saurin cinta.

Tawa ko wata biyar bata rufa ba fitilu suka fara ɗaukewa. Da muka buɗe, bakin wayar duk ya yi kore, ciki ya yi baƙi, kana murzawa yana marmashewa a hannu. Maigida ya dube ni ya ce, "Kai yaro, da baka gane ba me ya hana ka kira ni?" Na ce Maigida ai na zaci na gane ne. Abin da ya fi min ciwo kenan, minti ɗaya na waya da ya wadatar, amma sai da muka kwance aikin kaf aka sayo sabuwa daga aljihuna.

Yanzu da 'yar wuƙata nake shiga shago, sai na feƙe bakin waya na ga farin da idona kafin na ƙirga sidi ko ɗaya.