Jin ra'ayin ɗaliban likita: yadda za a tambaye su har su faɗi gaskiya

Ɗalibin likita na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai rabin rayuwarsa a aji take, rabi kuma a Babban Asibitin Ƙasa, ko asibitin Lamorde, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi. Shi ya fi kowa sanin inda koyarwa ke ɗingishi. Sai dai tarbiyyarmu ba ta bar yaro ya dubi idon malaminsa ya ce "ban gane ba", balle ya ce "ba a koya mana ba". Saboda haka salon tambayar shi ne kan gaba.

"Malam ya iya koyarwa?" ɓarnar takarda ce, kowa zai ce e. A tambayi abin da ake ƙirgawa. Cikin makonni huɗun nan, sau nawa wani babba ya tsaya a kanka kana duba marar lafiya tun daga tambayoyi har zuwa awo? Haihuwa nawa ka karɓa da hannunka? Ku nawa ne a bakin gado ɗaya lokacin zagayen safe? In amsa ta zo 15, to an gano ciwon: na baya sai ƙeyar na gaba suke gani, za su gama ba su taɓa jin kumburarriyar saifa a ƙarƙashin yatsunsu ba. Maganinsa a raba su biyar-biyar ko shida-shida. Kada tambayoyin su wuce takwas, ta ƙarshe a bar ta a buɗe: me za a canza gobe?

A raba takardar tambayoyin a tsakiyar zaman koyon aiki a asibiti, lokacin da gyara zai amfani waɗanda suka amsa. In aka jira sakamakon jarrabawa, wanda ya faɗi zai huce haushi, wanda ya ci zai yi godiya.

Ɓoye suna wajibi ne, kuma malami na gane rubutun hannun ɗalibansa. Gara a cika ta waya da manhajar tattara amsoshi irin Google Forms ko KoboToolbox, wakilin aji ya tura ta WhatsApp. In amsoshi ba su kai biyar ba, a haɗa su da na rukunin da ke biye kafin malami ya gani.

Yabo ma a yi hattara da shi. A wani binciken da aka wallafa a 1973 a Amurka, an sa wani ɗan wasan kwaikwayo ya gabatar da lacca marar kan gado da sunan Dakta Fox, ƙwararrun da suka saurare shi suka yaba masa. Daɗin baki daban, ilimi daban. Don haka a gwada abin da ɗalibai suka faɗa da abin da hannunsu ya iya a jarrabawar bakin gado.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan an tattara. Cikin mako biyu shugaban sashe ya tsaya gaban ajin ya ce: kun faɗi abu uku, biyu mun gyara, na ukun ya fi ƙarfinmu bana, ga dalili. Malamin da aka yi kuka da shi a zauna da shi a keɓe, da alƙaluma a hannu, kuma abokin aikinsa ya halarci darasinsa ɗaya kafin a yanke hukunci.