Ɗinkin rigar gimbiya a Maradi

Tun da kamfanin Disney ya koma sake shirya tsofaffin tatsuniyoyinsa da mutane na gaske, aikin telan yara ya sauya. Uwa za ta shigo shagonmu da waya a hannu, 'yarta na biye, ta ce: "Malam tela, irin wannan take so da salla." Wadda aka fi nuna mana har gobe ita ce shuɗiyar rigar fim ɗin Cinderella na 2015. Ta Snow White na 2025, mai shuɗin sama da rawayan ƙasa, tana biye da ita. Duka biyun aikin Sandy Powell ne, 'yar Ingila mai tsara tufafin fina-finai, kuma ta farkon an jera mata duwatsu masu ƙyalli sama da 10,000.

Sai dai rigar Cinderella ba a yi ta don zafin Maradi ba, inda a watan Afrilu ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Shi ya sa ba ma kwafarta yadda take. Ga yarinya 'yar shekara shida muna yanka satin mita ɗaya da rabi, yadin raga mai laushi mita shida zuwa takwas, sai shafi na auduga zalla mita biyu. Shafin nan shi ne rabin aikin. In aka sa na roba, zufa ba ta da mafita, kafin a sauko daga idi wuyan yarinya da hammatarta sun yi ƙuraje. Ragar kuwa hawa huɗu muke yi, kowane hawa a tattare shi daban, faɗinsa ya ninka ƙugu sau uku. Mai gaggawa yakan haɗa su ya tattare lokaci guda, sai ƙugu ya yi dunƙule, zif ya ƙi hawa. Hawan ƙasa kaɗai ake sa wa raga mai tauri don rigar ta buɗe, shi ma a bayan shafi, kada ya taɓa fata. Muna ƙara hannu zuwa gwiwar hannu, mu rufe ƙirji da baya, mu ɗinka ɗan mayafi mai launin rigar, domin haka iyayen nan suke so.

Duwatsu da allura muke kafa su, ɗaya bayan ɗaya. Na gam, wanki biyu sun zube.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kanti da ake shigowa da su cikin leda. Hajiya za ta ce ta ga irinta a kasuwa rabin kuɗi. To, Hajiya, juya cikinta ki gani: raga hawa ɗaya, ba shafi, bakin yadin ba a kalmashe ba, ƙyallin kuma yana bin hannu. Sau da yawa irinsu ake kawo mana gyara ana jibi salla, zif ya ɓalle, alhali gyaran ya fi sabon ɗinki wuya.

Yadin ragar daga Kano yake zuwa, ta Jibiya da Ɗan Issa, kuma launin da ka saya yau ba lallai ka same shi a bandir na gaba ba. Don haka mai son riga biyu iri ɗaya, ta ya da ƙanwa, ta kawo awo tun farkon azumi. Guga kuma kada a ɗora dutse kan ragar, narkewa take. A rataye ta kwana ɗaya, ta miƙe da kanta.