Laraba: jinin ɓeraye da ƙaiƙayin Inna

Tun kafin bakwai na baro Kawo, don Malam ya ce a ɗebi jinin da sanyin safiya. Yau kwana 21 ke nan muna ɗura wa ɓerayen ɗakin gwajinmu magani, don mu ga ko zai iya tayar da borin jini. In ka leƙa kejin, lafiyarsu ƙalau, suna ta gagurar abinci. Ba kurji, ba kumburi. Abin da muke nema a cikin jini yake ɓoye.

Ta jijiyar wutsiya muka ɗiba, muka juya a inji har ruwan jinin ya taso sama. Shi muka ɗiga a farantin ELISA mai rami 96, wato gwajin da ke sauya launi in abin da ake nema yana cikin jini, muna neman IgE. Wannan sinadarin garkuwar jiki ne da ke maƙalewa a jikin wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da histamin. Ranar da maganin ya sake shiga jiki sai su zazzage histamin ɗin, borin jini ya feso, fuska ta kumbura, wani ma numfashinsa ya sarƙe cikin mintoci, kamar yadda allurar fenisilin kan yi wa wasu. Mun haɗa da IL-4, wanda shi ke zuga jiki ya ƙera IgE ɗin. In suka hau tun ɓera bai nuna komai ba, to an hango haɗarin tun daga nesa.

Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Na tsaya riƙe da faranti ina salati a zuci, har janareta ya tashi.

Wajen azahar sakamako ya fito. Wasu ramukan sun ɗan fi rawaya, alamar abin da muke nema ya hau. Na fara murna, Malam ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ke dai ki bi a hankali, ɓera ba mutum ba ne." Namu irin Wistar ne, Brown Norway sun fi su saurin tayar da IgE. Matan ɓerayen Brown Norway ɗin ne masu bincike a Kanada suka ga suna fesowa da ƙuraje in an ba su nevirapine, maganin ƙanjamau, kuma wannan ɗin aikin ƙwayoyin T ne, wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, awon IgE ba zai kama shi ba. Ya kawo misalin abacavir, shi ma maganin ƙanjamau: masu gadon wani tsarin halitta da ake kira HLA-B*57:01 ne yake yi wa illa, ɓera kuwa ba shi da wannan gadon. Mutumin ake gwadawa kafin a ba shi. Raina ya ɗan sosu, amma gaskiyarsa ce.

Da dare ina cin tuwo Inna ta ce, "'Yar nan, wai me kuke nema a jikin ɓeraye haka?" Da na yi mata bayani sai ta tuno ƙaiƙayin kulorokwin, yadda take kwana tana susa da totuwar masara har gari ya waye, Piriton ma bai cika yi mata komai ba. Na ce mata ai wannan ba ta hanyar IgE yake zuwa ba, farantina ba zai gan shi ba.

Ta yi dariya ta ce, "To ashe da ni kika tambaya da kin huta da cizon ɓera."

Yatsana har yanzu zugi yake. Gobe ƙirgen eyosinofil, fararen ƙwayoyin jini da kan ƙaru da borin jini, a madubin likita, bakwai da rabi.